Baƙo ya ce a kai shi Nayagara: a tafi can ɗin, ko akwai inda ya fi dacewa?

Duk wanda ya daɗe a Bronx, ɗaya daga cikin yankunan birnin Niyok na Amurka, ya san wannan tambayar. Ɗan'uwa ya samu biza ya sauka Niyok, ya yi kwana biyu yana sauke gajiyar jirgi, an zaga da shi cikin dogayen benaye har wuyansa ya ƙage, sai ka ji ya ce, "To, yaushe za a kai ni Nayagara?" Yadda yake faɗa sai ka ce nan bayan gari ne, tunda ya ji an ce cikin jihar Niyok take. Alhali tsakanin birnin da magangarar ruwan ta Nayagara akwai kilomita kusan 650, ya fi Kano zuwa Maiduguri. Awa bakwai ce a mota in ba a tsaya ba, kuma ai dole a tsaya, ko don salla da fitsarin yara.

Na yi wannan tafiya fiye da sau ɗaya, na kuma yi waɗanda ba su kai ta nisa ba. Abin da na fahimta shi ne sunan wuri ba shi ke yanke shawara ba. Abu uku ne ke yankewa: kwana nawa kake da su, akwai mota ko babu, sannan gwiwoyin wa za ka ɗauko. Tafiyar da za ta burge ɗalibi mai shekara 22 tana iya zame wa Hajiya azaba.

Kafin a shiga kwatance, a san mai wurin. Jihar Niyok tana da hukumarta ta wuraren shaƙatawa da adana kayan tarihi, wadda ke kula da gandaye kusan 180 da wuraren tarihi 35. An ɗinke su wuri guda ne a 1924, lokacin da aka kafa majalisar gandayen jiha ƙarƙashin wani jami'i mai suna Robert Moses, shi ya sa aka yi bikin cika shekara 100 a 2024. Masu ziyara sun haura miliyan 80 a shekara. Mutane kan rikita su da wasu: mutum-mutumin 'yanci da ke bakin teku na gwamnatin tarayya ne, Central Park kuwa na birni ne. Amfanin sanin wannan na aljihu ne. A yawancin gandayen jiha mota ake caja, ba kai ba. Dala 6 zuwa 10 za ka biya a ƙofa ko mutum biyu ne a ciki ko bakwai, wanda ya shigo da ƙafa kuwa galibi ba ya biyan komai. Akwai katin shekara mai suna Empire Pass, wanda a 'yan shekarun nan ake sayarwa dala 80, amma sai wanda zai fita sau takwas ko fiye ne kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu. Mazaunin jihar da ya kai shekara 62 yana shiga da mota kyauta a ranakun aiki, in ya nuna lasisinsa na tuƙi ko katin shaida na jihar.

To, Nayagara. Ba zan rage mata komai ba, domin babu kamarta. Kogin da ya fito daga tafkin Erie zai shiga tafkin Ontario shi ne ke faɗowa ta wuri uku: American Falls, da 'yar siririyar Bridal Veil, da babbarsu Horseshoe mai siffar kofaton doki, wadda tsayinta ya haura mita 50 kuma ita ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan. Wanda ya san Gurara da damina ya san ƙarar ruwa, amma nan ƙasa ce kanta ke rawa ƙarƙashin ƙafarka. Abin mamaki kuma, abin da kake gani ba shi ne dukan kogin ba. Yarjejeniyar da Amurka da Kanada suka ƙulla a 1950 ta ce da rana a lokacin baƙi a bar aƙalla mita kubik 2,800 ya zuba kowace daƙiƙa, da dare da lokacin hunturu kuma rabin haka, sauran a karkatar da shi zuwa injinan lantarki. Wato akwai masu riƙe da famfon. A 1969 ma injiniyoyin soja sun tare ɓangaren Amurka gaba ɗaya na 'yan watanni don su duba duwatsun ƙasansa.

Gandun kansa an kafa shi a 1885, kuma shi ake kira mafi tsufa cikin gandayen jihohi a Amurka. Kafin nan bakin ruwan duk masana'antu ne da shingayen 'yan kasuwa, sai ka biya kafin ka leƙa. Wasu suka tashi da fafutukar a ƙwato wurin a buɗe wa kowa, cikinsu har da Frederick Law Olmsted, wanda shi da abokin aikinsa Calvert Vaux suka zana Central Park, su ne kuma suka tsara hanyoyin wannan gandu. Albarkacin wannan fafutuka har yau shiga kyauta ne, fakin da wasannin ciki kawai ake biya.

Wasannin biyu ne suka cancanci kuɗinka. Na farko jirgin ruwan Maid of the Mist, wanda sunansa ke kan kogin tun 1846, kuma tun 2020 da lantarki yake tafiya. A ba ka rigar leda shuɗiya, a kutsa da kai har cikin kwanar Horseshoe inda ba ka ganin komai sai farin feshi. Na biyun, wanda ni na fi so, shi ne Cave of the Winds a tsibirin Goat. Lif zai sauke ka mita 53 zuwa ƙasan kwazazzabo, ka bi matakalar katako har ka tsaya kamar mita 6 daga inda Bridal Veil ke dukan dutse. Katakan nan duk shekara kwance su ake yi kafin ƙanƙara, a sake kafawa in sanyi ya wuce. Na taɓa kai kawuna nan, ya ƙi ya cire hularsa zanna, ya ja ledar rawaya a kan babbar riga. Na ce, "Kawu, a ba ni hular in sa a jaka." Ya ce, "Kai yaro, ruwa ne fa, ba wuta ba." Matakala uku muka ƙara iska ta fizge ta, muka bi ta da ido tana juyi cikin kumfa. Ya tsaya ruwa na zuba daga gemunsa yana ta tasbihi, daga baya ya fashe da dariya. Har yau in ya kira waya sai ya tambaya ko Kanada sun dawo masa da hularsa.

Ga inda Nayagara ke da rauni. Gandun ƙarami ne, eka 400 da 'yan kai, yini guda ya ishe ka gama shi. Watan Yuli da Agusta layi ne ko'ina. Garin da ke jikinsa kuma ya sha jiki: mutanensa sun haura 100,000 a 1960, amma ƙidayar 2020 ba ta kai 50,000 ba, kuma da ka yi 'yan taku daga bakin ruwa za ka ga alamar hakan. Abincin halal dai ba ya wuya, gidajen abincin Indiyawa da 'yan Pakistan suna nan birjik. Sai maganar da ba a so a ji: kyakkyawar fuskar Horseshoe ta fi fitowa daga tsallaken Kanada. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana da ya shigo da bizar ziyara ba zai tsallaka gadar Rainbow ba sai da bizar Kanada. Direba ma ya lura da allunan hanya, don layin da ke hawa gadar yana nan dab da ƙofar gandun, kuma wanda ya hau bisa kuskure sai ya yi wa jami'an shige da fice bayani. Jirgin ruwan dai ba ya buƙatar fasfo, inda ya ɗauke ka nan yake sauke ka.

Abu guda da Nayagara ta fi sauran na nesa: ana zuwa ba mota. Jirgin ƙasa na Amtrak yana tashi daga Manhattan, kamar awa tara. Motocin yawon buɗe ido masu araha kuwa, na gwada ɗaya ban ƙara ba. Mun tashi kafin asuba, aka yi ta tsayawa da mu a shagunan da ba mu tambaya ba, muka isa da duhu, washegari aka ba mu awa biyu da ɗan wani abu a bakin ruwa aka ce a hau mota. Kwana biyu a kujera saboda awa biyu.

Letchworth ba ta da sunan da za a yi alfahari da shi in an koma gida, amma in aka ce in zaɓi wuri ɗaya in kwana uku da iyali, nan zan zaɓa. Tana kudu da Rochester, kamar awa ɗaya da rabi daga Nayagara, awa biyar da rabi daga birnin Niyok. Eka 14,000 da ɗoriya ce, ta miƙe kilomita 27 tana bin kogin Genesee, wanda ya yanka dutse ya yi kwazazzabon da zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 170. Manyan magangaru uku ne, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa. Ta tsakiyar ce sarauniya, mita 33, kuma ana haska ta da fitilu da dare.

Abin da ya sa na fifita ta ga mai tsofaffi shi ne titin mota yana bin gefen kwazazzabon daga wannan kai zuwa wancan. Ka tsaya, a fito, taku ashirin an isa katangar dutse ana kallon ƙasa, shaho na shawagi a ƙasanka maimakon samanka. Ta sama da ta tsakiya duk ana ganinsu ba tare da hawa mai wahala ba. Ta ƙasan ce ke da matakala sama da ɗari, sai a bar wa matasa. Su kuma masu ƙarfin ƙafa akwai hanyoyin daji fiye da kilomita 100. Saman magangara ta sama akwai gadar jirgin ƙasa mai baka guda, wadda aka buɗe a ƙarshen 2017 a madadin tsohuwar ta ƙarfe ta 1875. In ka yi sa'a jirgin kaya ya bi ta kai kana ƙasa, hoton da za ka ɗauka ya fi na kowa. Shawara ɗaya: magangarun suna kudancin gandun, saboda haka a shiga ta ƙofar Castile ko Portageville. Wanda ya shiga ta Mount Morris a arewa zai fara da madatsar ruwan da aka gama a 1952 don kare Rochester daga ambaliya, sannan ya yi doguwar tafiya kafin ya ga abin da ya kawo shi.

Tarihin wurin ma yana da daɗin ji. William Pryor Letchworth attajirin Buffalo ne mai sana'ar ƙarfe. Ya sayi filin a 1859 bayan masu yankan katako sun aske shi, ya yi shekaru yana dasa itatuwa, sannan a 1906 ya miƙa wa jiha eka 1,000 don kada kamfanin lantarki ya datse kogin. Gidansa, Glen Iris, yanzu masauki ne da gidan abinci, yana kallon magangara ta tsakiya. Ƙasar kuwa asalinta ta ƙabilar Seneca ce. Kan tudu bayan gidan akwai tsohon zauren shawararsu na gungumen itace, da kabarin Mary Jemison, Baturiyar da aka kama tana yarinya lokacin yaƙi, Seneca suka riƙe ta 'ya, ta yi aure cikinsu ta haihu, da aka ba ta damar komawa ta ce ta zauna. Ta rasu a 1833, Letchworth ya dawo da ƙasusuwanta nan a 1874. Iyalin da ke da yaro mai lalurar galahanga (autism) su sani cewa tun 2021 akwai hanyar daji da aka tsara musamman domin irinsu.

Rauninta a fili yake. Ba mota, ba Letchworth. Ƙauyuka ne kewaye da ita, ba za ka samu naman halal a kusa ba, sai ka taho da kularka. Ɗakunan katako da filayen kafa tanti ana kama su ta intanet tun wata tara kafin ranar, kuma na ƙarshen mako a Oktoba, lokacin da ganye ke rikiɗa ja da ruwan ɗorawa, tun da wuri suke ƙarewa. In rani ya yi tsanani ruwan kan ragu, wanda ya fara ganin Nayagara zai ce wannan ai wasan yara ne. Shi ya sa in za a haɗa biyun, a fara da Letchworth.

Watkins Glen wani abu ne dabam. Sauran biyun daga gefe kake kallo, nan cikin cikin dutsen kake shiga. Tana ƙarshen kudu na tafkin Seneca, awa huɗu da rabi zuwa biyar daga birni, kuma ƙofarta a kan babban titin garin take. Wani ɗan rafi ne ya sauko mita 120 cikin tazarar kilomita 3, ya bar magangaru 19 tsakanin bangaye masu tsayin mita 60. Hanyar tana ratsa ramuka, ta haye gadojin dutse, sau biyu tana bi ta bayan labulen ruwa, a Cavern Cascade da Rainbow Falls. Wani ɗan jarida, Morvalden Ells, ya fara buɗe ta ga masu biya a 1863, jiha ta saye ta a 1906. Yawancin ginin dutsen da ake takawa yanzu an yi shi ne bayan ambaliyar 1935, da hannun samarin da gwamnati ta ɗauka aiki a zamanin karayar tattalin arziki.

Sai dai matakala sun haura 800, a jiƙe suke, kuma 180 na ƙarshe a tsaye suke kamar tsani. Keken jariri ba ya bi, mai ciwon gwiwa ko hawan jini kada a ja shi. Da zafi akwai ƙaramar bas da ke kai mutane ƙofar sama su gangaro, wannan ya rage wahala amma bai kawar da ita ba. Hanyar kwazazzabon a rufe take tun daga ƙarshen kaka har wajen tsakiyar Mayu, kuma ranar Asabar da hantsi za ka yi ta bin bayan mutane ne kamar layin ɗawafi. A shiga da sassafe. Awa biyu zuwa uku an gama, don haka ba wurin da za a yi wa tafiyar awa biyar shi kaɗai ba ne, zango ne a hanyar Letchworth. In akwai tsoho a motar, a kai shi Taughannock kusa da Ithaca: ruwa siriri ne amma mita 66 yake faɗowa, ya fi Nayagara tsayi, hanyar zuwa gindinsa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma akwai wurin kallo daga sama dab da inda ake ajiye mota. Yankin dai na gonakin inabi ne da gidajen giya, kusan duk allon da za ka gani a hanya nasu ne.

Yanzu a dawo kusa da gida, domin gaskiyar magana yawancinmu Lahadi ɗaya muke da ita, Litinin akwai aiki. Bear Mountain na bakin kogin Hudson, kilomita 70 da wani abu daga Bronx, awa ɗaya in hanya ta yi kyau. Saura ƙiris wurin ya zama gidan yari: a 1908 jiha ta fara shirin mayar da kurkukun Sing Sing can. Sai Mary Harriman, matar wani attajirin jiragen ƙasa da ya rasu, ta ba da eka 10,000 da dala miliyan ɗaya a 1910 bisa sharaɗin a fasa. Daga nan aka samu Bear Mountain da maƙwabciyarta Harriman, wadda yanzu ta haura eka 47,000 da tafkuna 31.

Ba magangarar ruwa a nan, kada a yi wa baƙo alkawarinta. Abin da ke akwai shi ne yini mai daɗi. Ciyawa shimfiɗe a bakin tafkin Hessian, tebura da murhun gashi, kwale-kwalen haya, lilon dawaki na yara, ƙaramin gidan namun daji, wurin ninƙaya da zafi, filin zamiya kan ƙanƙara da hunturu. Mota na hawa har ƙolin dutsen, kusan mita 400, inda hasumiyar Perkins take tun 1934, kuma in sama ta washe ana hango benayen Manhattan can ƙasa kamar haƙoran matsefi. Matasa su bi matakalar dutse sama da dubu su same ku a can. Hanyar da za su taka ɗin ɓangare ce ta doguwar hanyar Appalachian, wadda aka buɗe yankinta na farko a nan a 1923. Mu dai abin da muke yi shi ne kular dafa-duka, kaji da aka jiƙa da yaji tun dare, gawayi, tabarma biyu, da buta. Azahar ta yi a ja gefe ƙarƙashin itace, alƙibla tana arewa maso gabas, ba wanda zai ce maka kanzil. Gefenka 'yan Dominika na kiɗansu, gaba Bangaladashawa na nasu girkin. Matsalar ɗaya ce, kowa ya san wurin. Ranar hutu mai rana filin fakin kan cika, a juya mutane. Wanda bai iso kafin ƙarfe goma ba ya kuka da kansa. Wanda ba shi da mota kuma ya hau jirgin ƙasa na Metro-North zuwa Peekskill ya ɗauki tasi ya haye gada.

Jones Beach ba zan daɗe a kanta ba. Teku ce, rairayi fari kilomita 10, an buɗe ta a 1929, ita ce abin alfaharin Robert Moses. Da zafi ana zuwa da jirgin ƙasa na Long Island zuwa Freeport, sannan bas. Ga wanda ya taso Zinder ko Katsina bai taɓa ganin teku ba, abin a gani ne. Amma a san irin shigar da ake yi a bakin ruwa a Yuli kafin a ɗauko surukai. Da sassafe ko a Satumba wurin ya fi natsuwa, kuma dandamalin katako na yawo yana nan duk shekara. Kada kowa ya shiga ruwa sai inda masu ceto ke zaune, igiyar tana ja ta ƙasa.

Mai son tarihi fa? Nan ra'ayina ya rabu biyu. Mafi sauƙi shi ne a haɗa da Bear Mountain: Fort Montgomery, inda sojojin Ingila suka ci 'yan neman 'yanci ranar 6 ga Oktoba 1777, tafiyar ƙafa ce daga gidan namun dajin. Gaba kaɗan a Newburgh akwai gidan dutsen da Janar Washinton, jagoran yaƙin 'yancin Amurka, ya zauna daga Afrilun 1782 zuwa Agustan 1783, wanda jiha ta saya a 1850, karo na farko da wata hukuma a Amurka ta sayi gida don adana tarihi. Philipse Manor Hall a Yonkers kuwa, 'yan mintuna daga Bronx, tun da aka sake buɗe shi a 2022 yake ba da labarin 'yan Afirka da aka bautar a gidan, abin da ke tuna wa mutum cewa sai 1827 bauta ta ƙare a jihar Niyok kanta. Wanda ya je Nayagara kuma ya ƙara rabin awa zuwa Old Fort Niagara, ya ga ginin da Faransawa suka yi a 1726 a bakin tafkin Ontario.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne mafi nisa, gonar John Brown kusa da Lake Placid, awa biyar arewa cikin duwatsun Adirondack. A 1846 wani attajiri mai adawa da bauta, Gerrit Smith, ya raba eka 120,000 ga baƙaƙen fata kusan 3,000, kowa kamar eka 40, saboda dokar jihar a lokacin ta ce baƙar fata ba zai yi zaɓe ba sai yana da kadarar dala 250. Ɗaya daga cikin matsugunan da aka kafa sunansa Timbuctoo, wato Tambutu tamu ta Mali. Ƙasar duwatsu ce ga sanyi, kaɗan ne suka zauna. John Brown, Bature, ya koma can don ya taimaka musu da noma, daga baya ya kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry a Oktoban 1859 da niyyar tayar da bayi, aka rataye shi ranar 2 ga Disamba, aka kawo gawarsa gonar aka binne gefen wani ƙaton dutse. Ɗan gida ne na katako da fili da kabari, minti arba'in ka gama. Ba zan ce a yi tafiyar awa biyar dominsa kaɗai ba, sai in an haɗa da kwana biyu a duwatsun.

To a taƙaice wa za a kai ina? Baƙon da ya zo sau ɗaya a rayuwa, wanda in ya koma za a tambaye shi, a kai shi Nayagara, amma a ba tafiyar kwana biyu cikakku, uku in da hali. Da mota da kwana uku, ni ga yadda nake yi: Juma'a bayan masallaci a kama hanya a kwana kusa da Watkins Glen, Asabar da sassafe a shiga kwazazzabo, da rana a wuce Letchworth a yi la'asar a can, a kwana Nayagara a ga fitilun dare, Lahadi a shiga jirgin ruwa na farko, sannan a juyo gida. Akwai gajiya, direba biyu ake so. In da tsofaffi a cire Watkins Glen a ƙara wa Letchworth lokaci. In yara ƙanana ne da yini ɗaya, Bear Mountain, ba sai an yi dogon tunani ba. In babu mota kuma babu kwana, jirgin Metro-North zuwa Poughkeepsie zai sauke ka kusa da tsohuwar gadar jirgin ƙasa da aka mayar ta masu tafiya da ƙafa a 2009, kilomita 2 a kan Hudson, mita 65 sama da ruwa, shimfiɗaɗɗiya har keken guragu na bi.

Lokaci ma yana sauya lissafin. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Oktoba komai a buɗe yake, kuma a Yuni rana ba ta faɗuwa a Nayagara sai wajen tara na dare, yinin ya yi tsawo. Ni Satumba na fi so, bayan yara sun koma makaranta. Hunturu kuwa jirgin ruwa ba ya aiki, feshin ya daskare kan itatuwa, kyau kamar me, amma baƙon da ya zo daga Sakkwato minti goma zai yi ya nemi mota. Duk wanda ya shiga ciyawa, musamman a Harriman da Bear Mountain, ya duba jikinsa da na yara in an dawo, saboda kaskar yankin ƙanana ce kamar ƙwayar riɗi kuma tana ɗauke da cutar Lyme.

Akwai kuma ranar da ba kuɗin mai, ba hutu, baƙo kuma ya gaji da zaman ɗaki. Gandun Roberto Clemente yana nan cikin Bronx a bakin kogin Harlem tun 1973, eka 25, shi ma na jiha ne. Riverbank a Harlem an gina shi a 1993 kan rufin matatar ruwan datti, da filin ƙwallo da wurin ninƙaya, kana kallon Hudson da gadar George Washington. Can na kai kawu washegarin dawowarmu daga Nayagara, da sabuwar hula da muka saya a titi na 116. Ya zauna kan benci ya dafe ta da hannu ɗaya saboda iska, ya ce in kira masa gida ta bidiyo su ga kogin.